Bargon Inna da Keken Buhu

Shekara talatin da biyar na yi ina koya wa 'yan mata ɗinki da lissafi a firamare, daga Bukkuyum har Gummi, kuma ban taɓa ba yarinya maki a kan ɗinkin da ya karkace ba. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san wadda ke magana. Sunana Malama Zubaida. Wanda nake kai ƙararsa kuwa, sunansa Nababa, ƙanin mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, abin da har yau nake ganin ya kamata a sake bincike a kansa.

Maganar ta bargo ce. Inna, Allah ya jiƙanta, mu tara ta haifa, kuma duk zanen da ta goya ɗayanmu da shi ba ta yar ba. Da tsufa ya zo sai ta yayyanka su, kowane ƙyalle taƙi ɗaya tsawo taƙi ɗaya faɗi, ta shiga haɗa su da allura don su zama bargo guda. Ɗari da arba'in da huɗu ta yanka. Ta haɗa ɗari da ashirin, ajali ya zo. Ranar da ta rasu mun tarar da wani ƙyallen saƙi a kan tabarmarta, na zanen da ta goya ni da shi. Ta fara kalmasa bakinsa, ta soke allurar a jiki da zarenta, kamar wadda za ta yi alwala ta dawo.

Ban zare allurar ba. Na yi alkawari wannan ƙyallen shi zai shiga a ƙarshe, da allurar Inna, sannan in ba 'yata Hafsa bargon ranar sunan ɗanta na fari.

Da na yi ritaya na zauna wa aikin. A shekara uku na haɗa ashirin da uku, na farke goma sha huɗu, domin ba su miƙe ba. Matan unguwa bakwai suka gani suka yi sha'awa, kowace ta tattaro tsofaffin zannuwanta, muka riƙa zama duk Alhamis bayan la'asar a tsakar gidana. A cikinsu babu wadda ta gama nata. Ba na barin karkataccen ɗinki ya fita daga gidana. Maƙwabciyata Habsu ta taɓa yin kuka a kan haka, amma layinta ya miƙe.

Wata Alhamis Nababa ya shigo gaida yayansa, ya tsaya a kanmu, hannu a ƙugu.

"Matar Yaya, har yanzu wanga tsumma kike fama da shi?"

Na ce, "Bargo ne."

"Shekara ukku! Ni can Duza, zamanin da nike aikin zinari, buhu ɗari ukku nike ɗinkewa kahin azahar. Baƙi har tsayawa suke su kalli hannuna."

"Buhu ba bargo ba ne."

"Duk ɗinki na. Allura ta shiga, allura ta hita. Mi ya rage?"

"Na ji an ce ka taɓa ɗinke buhu da wayar maigidanka a ciki, sai da ta yi ƙara a Zugu aka gano inda take."

"Wagga waya ita ta shiga da ƙahwarta," in ji shi. "Ki ba ni mako guda, in ban gama miki ba, ki canza mini suna."

Na ce sunan da yake da shi ma bai gama amfani da shi ba. Matan suka yi dariya, ya fita yana kaɗa makullin babur. Na ɗauka magana ta mutu.

Bayan wata biyu cikin Hafsa ya tsufa. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, don haka na tafi Anka in ɗauko ta. Kafin in fita na sa bargon da ƙyallen saƙin a akwati, na kulle, na damƙa makulli a hannun mijina, Malam Halilu. Shi Malam mutum ne mai haƙuri. Aikinsa tun da ya bar noma shi ne sauraren rediyo, kuma a shekara arba'in ban taɓa jin ya ce wa ƙaninsa a'a ba. Kwana uku na yi. Da na dawo na buɗe akwati, babu komai sai ƙamshin kafur.

"Malam, ina bargon Inna?"

"Nababa ya ara."

"Ara? Bargon da ba a gama ba?"

"Shi ya sa ya ara," in ji Malam, ya ƙara muryar rediyo.

Ko mayafi ban gyara ba na nufi gidan Nababa. A bakin zaurensa an rataya kwali, an rubuta da gawayi: Kamfanin Ƙarasa Ɗinki. A hanya na ji sauran labarin. Ashe ya bi gidajen matan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, yana cewa Malama da kanta ta gaji, ta miƙa masa nata. Duka suka ba shi. An ce wasu har da guɗa. Na san su, kuma na riƙe sunayensu.

Na shiga zauren na tarar babu bargo ko ɗaya. Akwai tsibi-tsibi na ƙyalle a ƙasa, ja a nan, shuɗi a can, kore a bayan ƙofa. Ya sa reza ya farke barguna takwas a yini guda, har da ɗari da ashirin ɗin da Inna ta haɗa da hannunta.

Na ce, "Nababa, me ka yi?"

"Tsari, Matar Yaya. Wurin zinari ma haka muke yi. A fasa dutse, a niƙa, a ware, sannan a ga abin kirki. Ku matsalarku kun fara haɗawa ba ku ware ba."

"Ina jajayen da suka rage? Wannan tsibin bai kai ba."

Ya ce suna shanya. Wai ya ga ƙyallayen sun yi laushi ba za su tsaya a keke ba, sai ya tsoma su a ƙullun koko don su yi ƙarfi, ya baza a bayan gida. Yana cikin bayani sai ga akuya ta wuce ta bakin zaure da jan ƙyalle a baki, Habsu na bin ta da muciya tana kiran sunan Allah. Akuyar tata ce, ƙyallen kuma na zanen aurenta ne.

Na durƙusa na fara tsintar na Inna. Na sami goma sha ɗaya ke nan sai ga Malam Halilu a bakin ƙofa, ba rediyo a hannunsa. Da na gan shi haka na san abin babba ne. Naƙuda ce ta kama Hafsa.

Ta haifi mace, lafiya lau. Wanda ya san gidan jego ya san uwar mai jego ba ta da ƙafar fita: ruwan wanka, kunun kanwa, 'yan barka. Don haka kwana bakwai ɗin nan labarin kamfanin a bakin 'yan barka na riƙa jinsa, kowace ta ɗauki jaririya ta yi addu'a, sannan ta sauke murya.

Ranar kwana biyu aka ce Nababa ya hau keken ɗinkin matarsa, ya karya allura tara, ta goma ta ɗinke hannun rigarsa da aikin. Sai da matar ta sa almakashi ta yanke hannun rigar daga kafaɗa kafin ya samu ya tafi masallaci. Tun daga ranar yake yawo da riga mai hannu ɗaya, yana cewa yayin Kano ne.

Ranar kwana huɗu aka ce ya bar allura, ya koma sholisho irin na masu facin taya. Ƙyalle uku suka manne da tabarmarsa, na huɗu ya manne da gemunsa.

Ranar kwana biyar ya tafi kasuwar hatsi wurin Sa'idu, dillalin dawa, ya aro keken da ake ɗinke bakin buhu da shi, ya aro janareta. Daga azahar zuwa la'asar duk unguwa ta ji ƙara kamar ana niƙa. Sa'idu mutumin kirki ne. Da ya zo barka ya tsaya a ƙofar gida ya ce wa Malam Halilu, "A gaya wa Malama, ɗinkin buhu an yi shi ne don a kwance. In aka ja bakin zaren, duk tahiya yake. Na hwaɗa wa Nababa, ya ce in tsaya ga dawa da gero." Malam ya ce to. Ya isar mini da saƙon bayan kwana huɗu, lokacin da ya riga ya zama tarihi.

Ni duk wannan bai dame ni kamar ƙyallen saƙin ba. Sau uku na aika a tambayi Nababa. A na uku ya zo da kansa, ya leƙo ta bakin ɗaki.

"Kwantar da hankalinki, Matar Yaya. Wuri na musamman na ba shi."

"Da allurar?"

"Wace allura?"

"Nababa!"

"Awo, awo, da allurar. Komi na nan. Ran suna za ki gani, har ki ji kunyar maganar da kika yi mini."

Ran suna aka sa wa jaririya sunan Inna, don haka Inna Ƙarama muke kiranta. Da yamma mata suka cika tsakar gida, maza suna waje a kan tabarmi. An sauke tukunyar miya, an jera kwanonin tuwo da masa. Sai muka ji sallama, aka ce mata su gyara. Nababa ya shigo a gaba da rigarsa mai hannu ɗaya, bayansa ƙarti huɗu daga majalisarsa suna ɗauke da wani naɗaɗɗen abu a kafaɗa kamar dardumar masallacin Juma'a.

Suka warware shi. Suka ɗaure kusurwa ɗaya a darbejiya, ɗaya a indararo, ɗaya a sandar shanya, ta huɗu a ƙarfen taga. Ya rufe tsakar gidan gaba ɗaya kamar rumfa, har ya yi saura ya zuba ta bayan katanga.

Nababa ya hau turmi.

"Jama'a! Barguna takwas aka ba ni, na ga rarrabuwar kai ba ta da amfani, na mai da su guda. Ƙyalle ya kusa dubu. Zare guda ɗaya, tun daga farko har ƙarshe, ban yanke ba ko sau guda! Abin da Malama ta kasa a shekara ukku, tsakanin azahar da la'asar na yi shi."

Babu wadda ta yi guɗa. Duk kai ya ɗaga sama.

Habsu ce ta fara. "Nababa, mi ya kai zanen aurena kusa da buhun taki?"

"Gurbin da akuyarki ta ci ne na cike. Ki tambaye ta."

Wata maƙwabciyarmu, Hasana, ta rufe fuska da mayafi. Tsohon fatarinta, wanda ta yanka don ya zauna a ciki inda ido ba ya gani, shi ne a tsakiyar rumfa, daidai kan surukarta. Kusa da shi hannun rigar Nababa yana reto.

Hasana ta ce daga cikin mayafi, "To yanzu ta yaya kowa za ta sami nata?"

"Kwana-kwana," in ji shi. "Asabar gidan Habsu, Lahadi gidanki, haka har a zagayo."

Na ce, "Gida takwas ne. Kwanakin mako bakwai."

Ya ƙirga da yatsu. "Ke Matar Yaya kin yi ritaya. Da rana za ki rufa."

Na fara daga kusurwar darbejiya, ina bin layi-layi da ido kamar yadda nake duba littafin ɗalibai. Na ga na goyon yayana, na ga na autanmu an sa shi a kife. Na kai ƙarshe, na dawo, na sake. Babu saƙi.

"Ina ƙyallen Inna?"

"Duba da kyau, tsufa ne."

"Na duba sau biyu."

"To duba na ukku."

A dubawa ta uku na iso kusurwar taga, na ga zare fari yana reto, tsawonsa ya kai taƙi. Ina so a rubuta wannan da kyau, domin Nababa yana yawo yana cewa da gangan na yi. Shekara talatin da biyar ban taɓa wuce zare mai reto ban ja shi ba. Duk wadda na koyar za ta shaida. Hannuna ne ya yi aikinsa.

Zaren ya biyo ni. Na ji wani sauti, tsirrr, ya bi layin farko har darbejiya, ya juyo, ya bi na biyu ya dawo. Ƙyallaye suka fara zubowa kamar ganye. Nababa ya yi ihu daga kan turmi, "Saki! Matar Yaya, saki!" Ban saki ba, domin zaren bai ƙare ba, kuma ni ba na barin aiki rabi. Na riƙa naɗe shi a hannu yana zuwa. Ƙyalle a miya, ƙyalle a kunu, ƙyalle a kan 'yan biki. Wata tsohuwa da ke gyangyaɗi ta farka ta ga kanta a binne, ta fara salati. Fatarin Hasana ya sauka a cinyar surukarta salin-alin. Kafin a karanta Fatiha uku sama ta buɗe, rana ta dawo. Abin da ya rage a sama hannun riga ne kawai, ya maƙale a reshen darbejiya. Gaskiyarsa a wuri ɗaya: zaren guda ne. A hannuna ya kai girman kabewa.

Mata bakwai suka miƙe a tare. Habsu da muciya, Hasana da ludayin miya, sauran da abin da hannu ya samu. Ƙartin huɗu sun riga sun zama ba su taɓa saninsa ba. Nababa ya diro daga turmi ya yi zaure, mu muna biye.

Babur ɗinsa na ƙofar gida, a rana tun azahar, ya shimfiɗa wani ƙyalle a kan sirdin don kada ya yi zafi. Ina fitowa daga zaure idona ya sauka a kai. Saƙi ne. Wurin na musamman ke nan. Na buɗe baki in yi magana, amma ya riga ya yi tsalle, ya sauka a kai da dukkan nauyinsa.

Allurar Inna shekara goma sha ɗaya tana jiran a ci gaba da aiki.

Ihun da ya yi, ladaninmu ya ce shi kansa bai taɓa kai murya can ba, ko da lasifika. Ya tashi sama, ya bar babur ya faɗi, ya kama gudu da ƙafa, ƙyallen Inna na manne a bayan wandonsa yana kaɗawa, a gaban duk mazan da suka zo suna. Malam Halilu ya kashe rediyo, abin da bai yi ba ko ranar ɗaurin aurenmu, ya bi ƙaninsa da kallo har ya sha kwana. Sannan ya ce, "Tsohuwa dama ba ta son a zauna mata a kan aiki."

Ga inda aka tsaya. Mun tsince ƙyallaye, mun wanke miya, mun ware. Matan bakwai na mai da su darasin farko, kuma babu wadda ta yi musu. Na Inna na sami ɗari da talatin da takwas. Uku suna manne a tabarmar Nababa, na aika an ɗauko tabarmar. Biyu suna cikin akuyar Habsu, na yafe wa akuyar domin ita ba ta taɓa cewa ta iya ɗinki ba. Saura ɗaya.

Mai kemis ya cire allurar daga jikin Nababa, amma ta lanƙwashe kamar ƙugiya, ta riƙe ƙyallen da wandon. Nababa ya hana a taɓa. Ya kai ƙara wurin mai unguwa wai tarko na ɗana masa, ƙyallen kuma shaida ce. Mai unguwa ya saurare shi a tsaye, domin mai ƙara ba ya iya zama, ya ce magana ce ta 'yan'uwa, a je a sasanta. Yanzu haka yana yawo da ƙyallen goyona a bayansa. Duk majalisar da ya je sai ya juya ya ɗaga riga ya nuna, yana cewa allurar ta shiga tsawon yatsa bai ko yi tari ba. Jiya an ce ta kai tsawon yatsa biyu.

Ba na neman ya ba ni haƙuri, na san ba ya da shi. Ba na neman ya gyara komai, Allah ya kiyaye. Inna Ƙarama tana kwana a tawul ɗin kasuwa, sanyi kuma yana tafe, ga ƙyalle ɗari da talatin da takwas da zan sake haɗawa daga farko. Zan haɗa su. Amma na ƙarshe sai na saƙi, kuma da allurar Inna, ko da a lanƙwashe take.

Na ba shi zuwa Alhamis bayan la'asar. In bai kawo ba, mu takwas za mu je, kuma zan tafi da almakashina. An shaida mini wando ɗaya gare shi. Wannan tsakaninsa ne da majalisarsa. Abin da zan iya yi masa alkawari kawai shi ne, yankana ba ya karkacewa.